Guntun Gatarinka: Albam Ɗin Da No Doubt Suka Haɗa A Gareji

Yau zan ɗan karkata daga hanyar da muka saba bi, domin maganata a kan waƙa ce, waƙar ma ta mutanen Amurka. Wanda ya ga haka har ya ɗaga yatsa zai wuce, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya kai ƙarshe, sannan ya yanke mini hukunci.

Ƙungiyar mawaƙan da nake nufi ita ce No Doubt, 'yan garin Anaheim da ke jihar Kalifoniya. Ko ba ka san sunansu ba, mai yiwuwa ka taɓa jin waƙarsu mai suna "Don't Speak", ko a rediyo ko a wayar wani. Ni ma a wayar abokin ɗakina na fara jin ta, lokacin muna kwalejin kimiyya da fasaha, daga nan ne kuma na shiga bin diddigin masu ita. Waƙar tana cikin albam ɗinsu na uku, Tragic Kingdom, wanda ya fito ranar 10 ga Oktoba, 1995, aka sayar da kwafinsa kimanin miliyan 16 a duniya. Kusan duk wanda zai ba ka tarihin ƙungiyar, daga wannan albam yake farawa.

Ni kuwa ra'ayina daban ne. A ganina albam mafi muhimmanci a rayuwar No Doubt shi ne na biyu, The Beacon Street Collection, wanda ya riga na ukun fitowa da ƙasa da wata bakwai. Shi ne wanda suka haɗa da kansu, suka fitar da kansu, ba tare da sa hannun kamfanin da ya ɗauke su ba. Zan kawo dalilaina, zan kuma kawo abin da mai ja da ni zai iya faɗa, domin shi ma yana da hujja.

Amma kafin nan, ya kamata mu san irin kiɗan da suke yi, tunda ba kowa ne a cikinmu ya san shi ba.

Kiɗan ska ɗan Jamaika ne. A ƙarshen shekarun 1950 ya bayyana, lokacin da makaɗan tsibirin suka gauraya kiɗansu na gida da abin da suke ji daga gidajen rediyon Amurka. Alamarsa a kunne ita ce bugun jita. Idan kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, mai jita ba ya saukar da hannu a kan lambar, sai a ɗan tsakanin da ke bayanta, shi ya sa kiɗan yake kamar yana tsalle. Sannan ga kayan busa irin na 'yan badujala suna amsawa. Ska ne kiɗan da ake yayi lokacin da Jamaika ta samu 'yancin kai a 1962, kuma da shi ne Bob Marley da abokansa na The Wailers suka fara suna, kafin kiɗan ya rage gudu ya rikiɗe ya zama rege ɗin da muka sani.

Daga Jamaika ska ya bi 'yan ci-rani zuwa Ingila. A 1979, a garin Coventry, matasa baƙaƙe da farare suka farfaɗo da shi ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna 2 Tone, inda aka samu ƙungiyoyi irin su The Specials da The Selecter, ga kuma Madness daga Landan. Daga Ingila ya tsallaka Amurka, can ne kuma aka aura masa punk, wato kiɗan matasa masu fushi, mai sauri da ƙara da rashin kwalliya. Wannan auren shi ake kira ska punk. A cikin wannan zangon na uku No Doubt suka taso.

A 1986 aka kafa ƙungiyar. Eric Stefani, mai fiyano kuma masoyin Madness, shi ne ginshiƙinta, tare da abokinsa John Spence wanda yake rera waƙa. Ƙanwar Eric, Gwen Stefani, amshi kawai take yi. A Disambar 1987 John Spence ya kashe kansa, ana saura 'yan kwanaki su yi wani babban wasa a Los Angeles. Ƙungiyar ta watse na ɗan lokaci, sannan ta dawo, daga baya Gwen ta zama mai jan baki. Tony Kanal, wanda aka haifa a Landan iyayensa kuma 'yan asalin Indiya ne, yana riƙe da jita mai kaurin murya. Tom Dumont ya shigo da jitarsa a 1988, Adrian Young mai ganguna ya biyo baya a 1989. Shekara da shekaru suna zagaya ƙananan dandaloli a kudancin Kalifoniya, har suka tara mabiya masu yawa tun ba su da faifai ko ɗaya a kasuwa. Wannan taron mabiyan ne ya ja hankalin kamfanin Interscope ya ɗauke su.

Albam ɗinsu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a watan Maris na 1992, ya kuma faɗi warwas. Kwafi kimanin 30,000 aka sayar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wata shida kafin nan, a Satumbar 1991, ƙungiyar Nirvana ta saki Nevermind, kunnen matasan Amurka gaba ɗaya ya koma kan kiɗan da ake kira grunge, mai nauyi da duhu da baƙin ciki. Sai ga wasu sun zo da bushe-bushe da tsalle-tsalle da fara'a. Kamar ka kai rake kasuwar da kowa ke neman barkono ne. Kamfanin ya ja baya. Ko bidiyon waƙarsu "Trapped in a Box", su suka biya kuɗinsa da kansu, tashar MTV kuma ba ta ɗauke shi ba.

A 1993 suka fara aikin albam na gaba. Nan aka shiga wani hali da na san da yawa daga cikinmu za su gane. Su rubuta waƙa su kai, a ce ba ta yi ba. Su sake kaiwa, a ce a dakata. Kamfanin bai kore su ba, bai kuma sake su sun yi gaba ba. Aka haɗa su da wani furodusa mai suna Matthew Wilder domin ya gyara musu sauti. Eric, wanda shi ne ya rubuta mafi yawan waƙoƙin albam na farko, bai ji daɗin a ce wani daga waje ne zai riƙa faɗa masa yadda waƙarsa za ta kasance ba. Ya fara janye jiki a hankali, har ya bar ƙungiyar a 1994, ya koma sana'ar zanen katun a shirin The Simpsons. A daidai wannan tsakanin ne kuma soyayyar shekara bakwai da ke tsakanin Gwen da Tony Kanal ta mutu, alhali dole su ci gaba da tsayawa a dandali ɗaya. Ka duba fa: kasuwa ta ƙi, kamfani yana jan ƙafa, mai rubuta waƙa yana kan hanyar fita, ga kuma rabuwar masoya a cikin gida. Ƙungiyoyi da yawa abin da bai kai wannan ba ya kashe su.

Abin da suka yi shi ne, suka gyara garejin gidan da suke taruwa a kan titin Beacon Avenue a Anaheim, suka mayar da shi ɗan situdiyo. Suka kwaso waƙoƙin da suka taru a hannunsu, waɗanda suka san ba za su samu shiga albam ɗin kamfani ba. A 1994 suka fara sakin biyu daga ciki, "Squeal" da "Doghouse", a kan ƙananan fayafai, ƙarƙashin wani suna da suka laƙaba wa kansu, Beacon Street Records. A watan Maris na 1995 suka fitar da cikakken albam mai waƙa goma. A wuraren wasansu da shagunan faifai na yankinsu aka fara sayar da shi. Cinikinsa ya haura kwafi 100,000, wato ya ninka na albam ɗin da babban kamfani ya fitar musu fiye da sau uku.

To me ya sa nake cewa wannan ne albam mafi muhimmanci a tarihinsu?

Dalilina na farko shi ne, ya hana hannunsu sanyi. Wannan ba a littafi na karanta ba. Ina da wani labari da ya yi kusan shekara biyu a hannun wani mai buga littattafai, kullum amsar ita ce "sai wata mai zuwa". Ban yi baƙin cikin jiran ba kamar yadda na yi baƙin cikin abin da jiran ya yi mini, domin a cikin wannan lokacin ban gama rubuta komai ba. Duk abin da na fara sai in ce bari dai wancan ya fito tukuna. Mai jiran izini yana zaton lokaci kawai yake asara, bai san har ƙwarewar tana zubewa ba. No Doubt sun yi shekara uku tsakanin albam na farko da na biyu. Da sun zauna suna kallon ƙofar Interscope, da wuya a ce ƙungiyar ta kai 1995 a haɗe. Garejin ya ba su aikin da za su fara kuma su gama da hannunsu, a lokacin da duk sauran al'amuransu suke hannun wasu.

Dalili na biyu, a garejin ne suka gano sautinsu. Saurari albam na farko, za ka ji an goge shi sumul, fiyanon lantarki ya cika ko'ina, kamar an sa wa ɗan dambe babbar riga. Waɗanda suka san su a dandali ba wannan suka sani ba. Saurari The Beacon Street Collection kuma, za ka ji jitar Tom Dumont ta fito gaba da kaushinta, gangunan suna da nauyi, muryar Gwen tana ihu inda ya kamata. Ba su watsar da ska ba, ba su kuma yi kamar ba su ji abin da ke faruwa a kasuwa ba. Sun ɗebi kaushin punk da ɗan nauyin grunge sun zuba a cikin nasu. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ƙafar mai rawa tasa ce. A waƙar "Total Hate '95" har sun gayyato Bradley Nowell na ƙungiyar Sublime, abokinsu na dandali ɗaya, wanda Gwen ma ta taɓa sa murya a waƙarsu "Saw Red". Nowell ya mutu a watan Mayun 1996, wata biyu kafin albam ɗin da ya ɗaukaka ƙungiyarsa ya fito. Saboda haka wannan waƙa ta zama shaida ta yadda mawaƙan ska punk na kudancin Kalifoniya suke a tsakaninsu kafin kuɗi da suna su iso.

Dalili na uku, ya canza zaman da ke tsakaninsu da kamfani. Kafin Maris na 1995, su ƙungiya ce da aka kashe wa kuɗi ba ta mayar ba, duk abin da suka faɗa roƙo ne. Bayan nan sun zama mutanen da suka nuna cewa akwai masu zaro kuɗi daga aljihu su sayi kayansu, ko da ba talla ba rediyo. Ɗan kasuwa ba ya jin rantsuwa, ciniki yake ji. Albam ɗin da aka yi ta ja tun 1993, a situdiyo har goma sha ɗaya, sai ga shi an kammala. Paul Palmer na kamfanin Trauma, wanda a lokacin yake da alaƙa da Interscope, ya nemi a ba shi ya fitar, aka kuma ba shi. Ban ce garejin kaɗai ne ya buɗe wannan ƙofa ba, amma wanda ya zo ƙofa da shaidar ciniki a hannu, ƙwanƙwasawarsa daban ce.

Yanzu bari in ba mai ja da ni dama.

Zai ce, ai The Beacon Street Collection tarkace ne, ragowar abin da aka tace aka zubar. Zai ce a ɗauko waƙa ɗaya a cikinsa da duniya ta riƙe, kamar yadda ta riƙe "Just a Girl" ko "Spiderwebs" ko "Don't Speak". Gaskiya ne babu. Ni kaina idan aka ce in zaɓi wanda zan saurara a hanyar tafiya, Tragic Kingdom zan ɗauka. Ya fi daɗi, ya fi tsari, waƙoƙinsa sun fi zama a kai. Wasu daga cikin waƙoƙin garejin sun yi tsawo ba dalili, wasu kuma kana ji ka san da sun samu mai gyara da sun fi haka. Sai dai mafi kyau daban, mafi muhimmanci daban. Harsashin gida ba ya burge baƙo, falo ne ke burge shi, amma ka san wanda ya ɗauki wani.

Zai kuma ce, kada ka ruɗe mu da labarin dogaro da kai, domin a ƙarshe kuɗin kamfani da furodusan da Eric ya ƙi ne suka kai su inda suka kai. Nan ma yana da gaskiya, kuma wannan ce gaɓar da nake so mu fi tsayawa a kai. No Doubt ba su yaga takardar yarjejeniyarsu sun ce daga yau sai gareji ba. Suna haɗa nasu a gida, suna kuma komawa gaban Matthew Wilder ana ce musu a sake. "Don't Speak" kanta shaida ce. Asalinta waƙar soyayya ce ta jin daɗi da Eric da Gwen suka fara. Bayan rabuwarta da Tony, Gwen ta sake rubuta baitocin, ta mayar da ita waƙar rabuwa, kuma Tony ɗin ne yake kaɗa mata jita a kai. Wannan waƙar da aka rushe aka sake ginawa ita ce ta yi mako 16 tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi sawa a gidajen rediyon Amurka. Da an bar ta yadda aka fara rubuta ta, da yau ba ma zancenta. Saboda haka wanda ya ɗauki darasin garejin a matsayin "ba na bukatar mai gyara", ya ɗauki rabi ya bar rabi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan rabin ne ya fi damun mu. Da yawanmu muna gama rubutu da daddare mu sake shi da safe, duk wanda ya ce a sake duba wani wuri kuma ya zama maƙiyi.

Akwai kuma wanda ya biya farashin, wato Eric. Shi ya kafa ƙungiyar, ya ɗauke ta shekara takwas, ya sauka ana saura shekara guda a ci riba. Har waƙar da aka sa wa albam na ukun sunanta shi ya rubuta, kuma yana cikin hoton bangon albam ɗin, a baya, ya kawar da kai daga kyamara. Ba na cikin masu cewa ya yi wauta. Mutum ne da ya san abin da ba zai iya haɗiya ba, ya kuma samu wata sana'ar da yake so. Amma tafiyarsa ce ta tilasta wa Gwen ɗaukar alƙalami da gaske, ta fara rubuta abin da ke cin ta a rai. The Beacon Street Collection yana tsaye ne a daidai wannan mararraba. A cikinsa kana jin ƙarshen No Doubt ta Eric, kana kuma jiyo ƙafar No Doubt ta Gwen tana tahowa. Babu wani albam nasu da ya kama wannan lokacin sai shi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Tragic Kingdom, wanda sunansa shaguɓe ne ga laƙabin filin wasan Disneyland da ke garinsu, bai tashi nan take ba. Sai a Disambar 1996, wata goma sha huɗu bayan fitowarsa, ya kai matsayi na ɗaya a jerin Billboard. A 1997 aka sake buga albam ɗin garejin domin sababbin masoya. Return of Saturn ya fito a 2000, bai yi kusa da cinikin wanda ya gabace shi ba. A 2001 suka fitar da Rock Steady, wanda suka je har Jamaika suka haɗa wani sashensa da su Sly da Robbie, kamar masu kai gaisuwa gidan kakanni. Albam na shida, Push and Shove, sai a 2012. Duk wanda ya bi su a jere zai lura cewa kullum suna ƙara nisa da ska punk ɗin da suka fara da shi. Idan wani ya ce in nuna masa No Doubt a matsayin ƙungiyar ska punk zalla, ba tare da hannun kowa a kai ba, waƙoƙi goman nan na 1995 kaɗai zan iya miƙa masa.

Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na yarda da karin maganar, amma labarin nan ya ƙara mini wani abu a kanta. Su No Doubt ba su jefar da guntun gatarinsu suna jiran babba ba, ba su kuma ƙi karɓar babban ba da ya zo hannu. Guntun ne ya sa da babban ya iso ya tarar da hannunsu bai manta sara ba.

Labarin nan nawa da na ambata, na je na karɓo shi a watan jiya. Na karanta shi da idon wanda ya yi shekara biyu bai gan shi ba, na tarar babi uku na farko sai an rushe su. Na fara, kuma na ba mutum biyu a cikinku waɗanda na san ba sa jin kunyar faɗa mini gaskiya.

Wanda yake da lokaci a wannan mako, ya nemi "Total Hate '95" ya saurara, sannan ya bi ta da "Don't Speak". Ƙungiya ɗaya ce, shekara ɗaya ce. Ina so in ji wacce ta fi kama ku, da kuma dalili. Wanda kuma yake ganin na ba albam ɗin garejin girman da bai kai ba, bismillah, ga fili.

Mu haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.